Shatin Hannun Baba a Bango

Shekarar da na fita takabar mijina na kwashe 'yan komatsaina daga gidan hayar da muke zaune a Yerimaram, na koma gidanmu na unguwar Bolewa, duk a cikin garin Potiskum. Ba rashin wurin zama ne ya kore ni ba. Ina da aikina na koyarwa a firamare, 'yata tana ɗakin mijinta, ƙaninta kuma yana karatu a Maiduguri. Baba ne ya mai da ni. Mahaifiyarmu ta riga mu gidan gaskiya, idonsa ya ƙarasa rufewa, 'yar ƙanwarsa da take yi masa girki kuma aure ya ɗauke ta. Mu biyu ne 'ya'yansa, ni da yayana, shi kuwa Yaya yana Kano da iyalinsa da shagonsa. Ba wanda ya buɗe baki ya ce in koma. Kowa dai ya yi shiru ya zuba mini ido, ni kuma na gane.

Baba direban babbar mota ne a zamaninsa. Ya fi shekara talatin yana lodin shanu daga kasuwar kara zuwa kudu. Dogo ne, mai kaurin murya, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar a riƙe masa hannu. Da makanta ta same shi aka kawo masa sanda, ya jingine ta bayan ƙofa. Ya ce gidan da ya gina da guminsa ba zai laluba shi da sanda kamar baƙo ba. Bango yake bi. In ya fito daga ɗakinsa sai ya ɗora hannun dama a bangon tsakar gida, ya wuce ƙusar da muke rataye faifai, ya wuce wata tsaga da damina ta yi tun muna yara, ya kai inda siminti ya ƙare laka ta fara. Daga nan ya san taku biyar ne zuwa banɗaki. Rabin farko na bangon siminti ne da tsohon shuɗin fenti wanda ya koɗe, ragowar kuwa ginin ƙasa ne, ana shafe shi da farar ƙasa.

Na kai wata biyu a gidan kafin in ga abin. Da sassafe ne, na fito da tsintsiya, gari ya yi haske. Sai na ga shatin yatsu huɗu a jikin shuɗin fentin, daidai tsayin kafaɗata, launinsu kamar na tsatsa. Na ɗauka goro ne. Da na matsa sai na ga wani a gaba, da wani, har can kan farar ƙasa inda ya fi fitowa. Na kai hanci, na ji ƙarni.

Da na kai masa koko na saci kallon hannuwansa. Babu yanka ko ɗaya.

Na ce, "Baba, ko ka ji ciwo ne?"

"Ciwon me, Uwata?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Na ga kamar jini a hannun rigarka."

"Ɗan haɓo ne. Zafi ne ya yi yawa. Miƙo mini ƙosan nan."

Da ya fita zaure shan hantsi na ɗaga katifarsa zan kaɗe, na tarar da tsummoki uku a dunƙule, sun bushe sun ƙandare. Wannan ba ɗan haɓo ba ne. Nan na fahimci yadda abin yake. Jinin yakan ɓalle masa wajen asuba, ya tare da hannu, ya tashi ya nufi banɗaki, da hannun nan kuma yake bin bango. Ya wanke fuska, ya ɓoye tsumma, a ganinsa ya rufe magana. Bai san ya bar sawu ba. Ni kuma na kasa gaya masa. Mutumin da ya ƙi sanda, in aka ce masa duk wanda ya shigo gidan yana ganin jininsa a bango, ai an gama da shi.

Ranar Asabar ce, babu makaranta. Na ɗora ruwa ya tafasa, na zuba garin sabulu, na ɗauki soson ƙarfe na shiga dirza. A tunanina abin da yake fitar da maiƙo a tukunya zai fitar da komai. Fentin ya biyo soson, jinin bai biyo ba. Sai ma ya yi duhu ya bazu, kowane shati ya zama faifai guda. A wajen laka kuwa ruwan ya narka farar ƙasar, ta gangaro ja-ja-ja har ƙasa.

Ina cikin haka Iya ta yi sallama. Maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu, tsohuwa 'yar asalin Fika. Ta yi shekaru tana shara da goge-goge a asibiti kafin ta yi ritaya. Tun muna yara Iya muke ce mata. Aron rariya ta zo. Ta tsaya ta dubi bangon, ta dubi bokitin yana tururi.

"Wa ya ce ki sa ruwan zafi?"

Na saki soson cikin bokitin.

"Kin dafa shi ke nan. Jini ai nama ne, 'yar nan. In kika zuba masa ruwan zafi sai ya nuna, ya kama wuri ya zauna."

Ba ta tambaye ni jinin wane ne ba. Ta dai waiga wajen zaure inda muke jin muryar Baba yana amsa gaisuwa, ta sake dubana, ta ɗaure mayafinta a ƙugu. Ta ce in ɗebo ruwan randa da gishiri da farin tsumma.

Ranar ta koya mini sana'ar da ban taɓa zaton zan koya ba. Ba a goga jini, dangwala shi ake yi. A faro daga gefe a nufo tsakiya, don kada ya faɗaɗa. In ya bushe, a jiƙa tsumma da ruwan gishiri mai sanyi a manna masa, a ba shi lokaci ya saki. Wanda ya ƙi, akwai ruwan wanke ciwo da ake sayarwa a kemis, wanda in ya taɓa jini yake kumfa, a ɗiga masa kaɗan. Bilic kuwa sai in dole, a tsarma shi sosai, don yana tafiya da fenti. Da muka zo wajen laka ta karɓi bokitin daga hannuna ta ajiye gefe.

"Nan ba a wanki. Ƙasa ta riga ta sha. Kawo tsohuwar wuƙa."

Ta kankare wurin a hankali har jan ya ƙare, ta sa na dama farar ƙasa, muka shafe da tafin hannu. Sannan ta sa na nemo leda na ɗaura a hannuwana.

Na ce, "Iya, ai jinin mahaifina ne."

"Ko na uwarki ne. Jini jini ne."

Shekarun nan da garin ya shiga tashin hankali Iya tana bakin aiki. Ba ta son maganar. Sau ɗaya kawai, muna tsugune gaban bangon nan, ta ce mini akwai ranar da suka wanke baranda tun hantsi har la'asar, ruwan da yake bin kwata bai daina ja ba. Daga nan ta ja bakinta ta ci gaba da dangwale.

To, daga ranar aikin ya zama nawa. Ba kullum haɓon yake zuwa ba. Wani mako sau biyu, wani mako sau huɗu, wani lokaci ya yi kwana goma shiru har in fara cewa an rabu. Baba yakan zauna lazimi bayan sallar asuba har rana ta fito. Tsakanin nan nake da shi. In idar da salla, in jira gari ya ɗan yi haske, in bi bangon da ido tun daga ƙofarsa. In na ga babu komai in yi hamdala in hura wuta. In na gani, sai in ɗauko bokiti ina ɗaga shi sama don kada ya yi ƙara. Bayan nan ga koko, ga shara, ga wankin tsummokin da nake zarowa daga ƙarƙashin katifa in mayar da wankakku, ga abincin ranarsa da zan rufe in ajiye masa inda hannunsa zai kai. Sannan in yi wanka in fita neman napep.

Na fara makara. Hedimasta ya yi mini magana sau ɗaya cikin mutunci, na biyu a gaban malamai. Hannuwana suka tsattsage duk da ledar, alli ya shiga tsagar ya yi ta zugi. Wata rana ina zaune ina duba littattafan yara barci ya kwashe ni, ban farka ba sai da na ji ajin ya yi tsit. Yara sittin da wani abu sun yi shiru suna kallona. Da hayaniya suka yi da abin bai dame ni haka ba.

Maganar asibiti kuwa sai da Iya ta sa baki. Ni in na ɗauko ta, sai ya ce shi da ya kwana a daji da mota ba ɗigon jini ne zai kai shi gaban likita ba. Iya ta shigo wata la'asar, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi, ta ce, "Alhaji, fuskarka ta yi fari. Yarinyar nan kuma ta rame. In ba ka je don kanka ba, ka je don ita." Washegari ya ce in ɗauko masa babbar riga.

A napep ya zauna ƙiƙam, yana gaya wa mai tuƙin cewa birkinsa ya ci. Likita ya auna shi, aka ɗebi jini, muka koma bayan kwana uku. Aka ce hawan jini ne, ga kuma hanta ta taɓu, shi ya sa jinin ba ya saurin tsayawa. Aka rubuta magani, aka hana shi gishiri da jan nama. Ya sha maganin da kyau kamar wata guda, haɓon ya ja baya. Daga nan ya fara cewa ƙwayar tana sa shi jiri. Wata rana ya sha, wata rana in tsince ta a ƙasan tabarma. Da bazara ta kama, zafin Potiskum ya sauko yadda ya saba, jinin ya dawo har ya fi da.

Wata safiya ina tsugune ina kankarar laka da wuƙa, sai na ji muryarsa a bayana. Ban ji fitowarsa ba. Yana tsaye bakin ƙofa da carbi a hannu.

"Uwata, me kike kankara ne kullum?"

Na ce, "Gara ce, Baba. Ta kama bangon."

Ya ja carbinsa.

"Garar nan ta dame ki," ya ce. Ya juya ya koma ɗaki.

Bayan kwana kaɗan aka tashe mu da wuri daga makaranta, na iso gida kafin azahar. Na shigo zaure ban yi sallama da ƙarfi ba don ina zaton yana barci. Sai na hango shi a tsakar gida, cikin ranar nan, ba hula. Buta a hannun hagu, tsumma a dama, yana goge bango. Yana zuba ruwa, yana gogawa, yana shafawa da yatsu, yana kai yatsun hanci. Wurin da yake gogewa fes yake, ni na wanke shi da safe. Jinin da ya zuba bayan fitata yana nan gefe, bai fi kamu ɗaya daga hannunsa ba, bai taɓa shi ba.

Na tsaya a zauren, jakata a kafaɗa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Da na ga ya gaji ya dafa bangon yana haki, sai na koma waje da baya, na sake shigowa da sallama mai ƙarfi, ina jan takalmi. Kafin in iso ya cusa tsumman a aljihu.

"Alwala nake yi," ya ce.

Na ce, "Sannu, Baba. Shiga inuwa, rana ta yi zafi."

Ba mu ƙara tayar da maganar ba, ni da shi. Amma ya sauya tafiya. Ya koma bin bangon da bayan hannu, wani lokaci da gwiwar hannu. Hakan bai rage mini komai ba, don jinin yana gangarowa ta hannun riga, sai shatin yatsu ya koma dogon zane. Tsummokin kuma ya daina ɓoye su, ya riƙa tara su a wani tsohon kwano a bakin ƙofa.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Wata safiya na fito na tarar tun daga ƙofa har banɗaki a ɓace, ga bayana yana ciwo, ga randa ba ruwa sai na ja daga rijiya. Na tsaya da tsumma a hannu na ce a raina, wai yaushe wannan abu zai ƙare? Kafin in rufe tunanin na gane abin da ƙarewarsa take nufi. Na yi istigfari, na yi ta yi, amma na riga na faɗa, kuma na san lokacin da na faɗa har zuciyata ne. Na ja ruwan, na wanke bangon. Ranar ban iya haɗa ido da shi ba, shi da ba ya ma gani.

Ana saura mako biyu Babbar Salla Yaya ya zo daga Kano. Ya rungumo buhun shinkafa da shadda da turare. Ya gaisa da Baba, ya fito tsakar gida, ya tsaya. Ni idona ya saba, sai da na ga fuskarsa na sake kallon bangon. Shuɗin ya zama dabbare-dabbare, nan fari, nan toka-toka, nan siminti tsirara. Wajen laka kuwa duk ya rarake, faci a kan faci.

Ya ja ni gefe. "Mene ne wannan?"

Na gaya masa komai. Idonsa ya kawo ruwa.

"Shi ne ba ki taɓa faɗa mini ba? Kullum in na kira ki ce lafiya lau."

"Da na faɗa me za ka yi, Yaya? Ka taso daga Kano ka wanke?"

Bai ji daɗin maganar ba, amma ya haɗiye. Ya ce ba zai yiwu mutane su shigo gaisuwar Salla su ga gidan haka ba. Ya ce akwai fenti mai sheƙi, na mai, wanda ko me ya zuba a kai shafa ɗaya ake yi ya fita. Zai sa a yaɓe bangon gaba ɗaya da siminti, har wajen lakar, a shafe shi da irin wannan.

Ba zan ɗora wa Yaya shi kaɗai ba. Da na ji "shafa ɗaya" wani sanyi ya ratsa ni. Na ga kaina ina barcin safe. Na ce a yi.

Da aka gaya wa Baba ya ce, "Me bangon ya yi muku?"

Yaya ya ce, "Gyara ne kawai, Baba, saboda Salla."

"To. Gidanku ne."

Magina suka zo suka yi kwana uku. Suka zare ƙusar faifai, suka toshe tsagar, suka haɗe siminti da laka ya zama shafe ɗaya sumul. Mai fenti ya biyo baya. Duk kwanakin nan Yaya ne yake riƙe hannun Baba ya kai shi banɗaki, Baba yana tafiya fuska a ɗaure. Bango ya yi kyau, ba ƙarya. Aka yi Salla, baƙi suka yaba, Yaya ya koma.

Iya ce ta fara lura. Ta shigo kawo mana nama, ta shafa bangon da tafinta, ta ce, "Ya yi santsi da yawa. Da me tsohon zai gane hanya? Ki samo igiya ki ɗaura masa daga ƙofa zuwa can."

Na ce gaskiya ne. Na ce in na shiga kasuwa ranar Asabar zan sayo. Ranar Laraba muka yi maganar. Na ga yana lalube, yana tsayawa a tsakiya yana shafa wuri ɗaya kamar mai neman abin da ya faɗi, amma yana kai kansa. In na ce in kama shi sai ya daka mini tsawa. Da na cire igiyar shanya na ɗaura masa a ranar, da ta wadatar. Ban yi tunanin haka ba. Na gaji ne, duk abin da za a iya ɗagawa zuwa gobe ɗaga shi nake yi.

Ranar Juma'a bayan la'asar ina kicin ina tuƙa tuwo na ji faɗuwar abu mai nauyi, sannan ƙarar bokitin ƙarfe. Na fito da muciya a hannu. Ya wuce kwanar banɗaki bai sani ba, ya ci gaba har ƙarshen bangon, ya yi tuntuɓe da dakalin rijiya. Allah ya sa murfinta a rufe yake. Yana kwance a gefe ɗaya, goshinsa ya fashe, ƙafar dama ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Bai yi ihu ba. Salati kawai yake yi ƙasa-ƙasa.

Maza suka shigo daga waje aka ɗauke shi. A asibiti aka ɗinke goshin, aka ce ƙashin ƙugu ya karye, kuma da shekarunsa da yanayin jininsa ba za a iya yi masa aiki ba. Muka yi kwana tara muka dawo gida.

Ranar da muka dawo na ga jinin goshinsa a ƙarshen bangon, inda ya fantsama. Ya bushe ya yi baƙi. Na jiƙa tsumma na shafa. Shafa ɗaya, kamar yadda Yaya ya faɗa, ya fita tas. Na zauna a dakalin rijiyar da tsumman a cinyata, na daɗe ban tashi ba.

Baba bai sake takawa ba. Aikin bango ya ƙare, wanda ya fi shi ya shigo. Juya shi, goge masa jiki, sauya shimfiɗa, tarar haɓo da kwano, wankin zannuwa da ba ya ƙarewa. Na nemi hutu a wurin aiki. Wani tsohon yaron motarsa, wanda shi ma ya yi furfura yanzu, yakan zo safe da yamma ya taya ni ɗaga shi, ya yi masa abin da bai kamata 'ya mace ta yi ba. Mutumin da bai yarda a riƙe masa hannu ba, ga shi ana ɗaga shi kamar jariri. Ya rage magana. Abinci ma sai cokali biyu uku.

Yaya yana kira kullum. Ya zo sau biyu. Zuwansa na farko ya durƙusa gaban katifar ya ce, "Baba, ka yafe mini, ni na jawo."

Baba ya ce, "Tashi. Kai ka tura ni?"

Ni ban nemi tawa gafarar ba. Na sha shirya maganar igiyar a bakina, in na zo gabansa sai in ce, "Baba, in ƙara maka ruwa?"

Sau ɗaya ya taɓa tayar da zancen bangon. Ina yanke masa farce da hantsi, sai ya ce, "Uwata, wane launi suka shafa?"

Na ce, "Kore, Baba."

"Kore," ya maimaita. "To."

Can kuma ya ce, "Hannunki ya yi kaushi."

Na ce alli ne.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce. Ya juya fuska wajen taga.

Ya yi wata huɗu a kwance. Ya cika wata safiya a ƙarshen damina, bayan na ba shi kunu ya sha kaɗan. Na fita shanya zani, na dawo na same shi ya tafi. Iya ce wadda na fara kira, ta kan katanga.

An yi zaman makoki, mutane sun zo daga unguwar Hausari, daga kara, har daga ƙauyukan da ban san ya san kowa a can ba. Tsofaffin direbobi suka cika zaure suna ba da labarinsa. Ni dai ina zaune cikin mata ina amsa gaisuwa, idona a bushe. Wata goggonmu har ta yi mini kallon mamaki. Ba rashin baƙin ciki ba ne. Jikina ne ya ƙi ba ni ko ƙarfin kuka. Bayan sadakar bakwai kowa ya watse, na rufe gida na kwanta. Na yi kwana biyu ba abin da yake tashina sai salla.

Kafin Yaya ya koma ya ce gidan ba za a sayar ba, in ci gaba da zama. Na ce to.

Ba a yi wata biyu ba 'yata ta haihu, haihuwar fari, aka kawo mini ita wankan jego. Na gyara mata ɗakin mahaifiyarmu. Aka sauke itace a ƙofar gida, aka aro babbar tukunya. Jaririn mai kuka ne, uwar kuma ba ta san komai ba tukuna, ko riƙon nono sai na gyara mata. Safe da yamma ina jan ruwa, ina hura wuta, ina dama kunun kanwa, ina gasa nama.

Wata yamma ina durƙushe ina fifita wuta, hayaƙi ya cika mini ido, ta leƙo daga ɗaki da yaron a kafaɗa.

"Mama, ki huta mana. Tun safe ba ki zauna ba."

Na ce, "Bari ruwan ya tafasa tukuna."